Injin haɗa abincin shanu mai sukuru a tsaye: ya dace da kiwon ƙiba?

Injin da ake magana a kai shi ne wanda tarakta ke ja, mai babban baho na ƙarfe, da sukuru guda ɗaya a tsaye a tsakiyarsa. Sukurun yana da faɗi a ƙasa, yana tsukewa zuwa sama kamar katantanwa, kuma an ɗaura masa wuƙaƙe a gefen murɗinsa. Idan ya juya, sai ya ɗebo abinci daga gindin baho ya cilla shi sama, abincin ya zubo ta jikin bango ya sake komawa ƙasa. A jikin bangon akwai faranti biyu da ake turawa ciki ko a janye su, aikinsu su tare ciyawa don wuƙa ta samu ta yanka. Ƙarƙashin bahon kuma akwai na'urorin awo, galibi guda uku, da ke aika nauyin abin da aka zuba zuwa allon sikeli. Kamfanoni da yawa suna ƙera shi, kuma tsarin kusan ɗaya ne, don haka abin da za a faɗa nan ya shafi mafi yawansu, musamman masu girman kubik mita 8 zuwa 12.

Hukuncina a kansa tun daga farko: inji ne mai kyau ƙwarai a makonnin farko na kiwon ƙiba, lokacin da ciyawa ta fi yawa a cikin abinci, amma ƙarfinsa yana raguwa a daidai lokacin da aka fi buƙatar daidaito, wato a ƙarshen kiwo, sa'ad da abincin ya koma kusan hatsi zalla. Wanda ya san da haka zai iya gyara yadda yake aiki da shi ya ci riba. Wanda bai sani ba kuwa zai yi ta zargin hatsi, ko magani, ko irin shanun da ya sayo, alhali matsalar tana cikin baho.

Dalilin da ya sa ake sayen irin wannan inji tun asali shi ne tumbin saniya. Dabbar da aka saba mata da ciyawa, ƙwayoyin halittar da ke tumbinta masu narkar da ciyawa ne. In aka cika mata hatsi farat ɗaya, sitacin da ke cikinsa yana rugujewa da sauri, tsami ya taru, ma'aunin pH na tumbi, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya faɗo daga wajen 6.5 zuwa ƙasa da 5.6. In ya gangara ƙasa da 5, dabbar tana iya kwantawa ta mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma wanda ya fi cin dukiyar mai kiwo shi ne tsamin da ba ya kayar da dabba: yau ta ci da yawa, gobe ta ƙi ci, kashinta ya yi ruwa-ruwa mai launin toka da kumfa, bayan wasu makonni ta fara ɗingishi saboda ƙofato ya kumbura daga ciki, ranar yanka kuma a tarar da ƙuraje a hanta, domin bangon tumbin da ya ji rauni ya bar ƙwayoyin cuta sun bi jini sun isa can. Maganin wannan shi ne a ɗaga hatsi a hankali cikin kwana 21 zuwa 28, a sauko da ciyawa daga wajen kashi 45 cikin 100 zuwa 35, zuwa 25, zuwa 15, har a tsaya a kashi 8 zuwa 12 na busasshen nauyin abinci, wato nauyinsa in an cire ruwan da ke cikinsa. Sannan kowace loma da dabba za ta ɗauka ta zama tana ɗauke da wannan rabo. Nan ne injin ya shigo. In aka zuba hatsi daban ciyawa daban, manyan bijimai masu ƙarfi su ne za su mamaye hatsin, su ne kuma za su fara rashin lafiya, raunana su ƙare da ciyawa su ƙi ƙiba.

A wannan mataki na farko babu abin da zan kushe. Za ka iya jefa masa nannaɗaɗɗen damin busasshiyar ciyawa sukutum, bayan ka cire igiya ko ragar da aka ɗaure shi da ita, ya warware shi ya yanka shi ba tare da ka nemi wani injin sara daban ba. Injin da sukurorinsa ke kwance ba ya jure wannan. Doguwar ciyawa tana naɗe masa ƙarfe ta shaƙe shi. Abin lura kawai shi ne tsawon yankan. Ana so ciyawar ta dawo santimita 3 zuwa 5. In ta wuce faɗin bakin dabba, shanu za su riƙa ture ta da hanci suna tsince hatsin da ya gangara ƙasa, ka dawo ka tarar da komi cike da tsinke, ka ɗauka sun ƙoshi, alhali abin da ya shiga cikinsu ya fi abin da ka rubuta a takarda yawan hatsi nesa ba kusa ba. In kuma ka bar injin ya yi ta juyawa har ciyawar ta zama gari, ta daina sa dabba tuƙa, kuma tuƙa ce ke kawo yawun da ke kashe tsamin tumbi. Da wuƙaƙe masu kaifi da farantan bango a ture ciki, busasshen dami yakan kai yadda ake so cikin minti 5 zuwa 10. Da zarar ya kai, a janye farantan.

Jerin yadda ake zuba kaya ba ado ba ne. A wannan inji busasshiyar ciyawa ce ke fara shiga, a yanka ta. Sai hatsi da dusa da abin da ke kawo furotin, kamar ƙulin auduga ko na waken suya, tare da haɗin gishiri da sinadarai. Sai sailej, wato ɗanyar ciyawa ko masara da aka sare aka adana a rami har ta yi tsami, mai nauyi da danshi, wanda zai danne na ƙasa ya tura shi cikin sukuru. Ruwa ko molasis, wato ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an yi sukari, su ne na ƙarshe, kuma a yayyafa su a faɗin tsakiyar baho, kada a kwarara su wuri ɗaya a jikin bango, don molasis in ya zuba wuri ɗaya dunƙulewa yake yi ya riƙe sinadarai a cikinsa. Bayan abu na ƙarshe ya shiga, a ba shi minti 3 zuwa 5 yana juyawa, a kan ƙasa mai daidai. Bahon da ya karkata yana tara ƙananan abubuwa a ɓangaren da ya yi ƙasa, sai su fita gaba ɗaya a komin farko ko na ƙarshe.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Girman da aka rubuta a jikin injin girman baho ne har baki, ba abin da zai iya haɗawa ba. Abinci yana buƙatar sarari don ya tashi ya zubo, saboda haka kashi 70 zuwa 80 cikin 100 ne iyakar cikawa. A baho mai kubik mita 10, wannan yana nufin kamar 7.5. Abincin farko mai yawan ciyawa ba shi da nauyi, zai cika bahon tun bai kai tan biyu ba. Abincin ƙarshe mai yawan hatsi kuwa yakan kai wajen kilo 500 a kowace kubik mita, don haka cika shi zuwa wannan matsayi ya doshi kilo 3,750, wanda zai iya kaiwa ko ya wuce nauyin da aka ƙera giyar injin da tayoyinsa su ɗauka. A duba farantin bayani da ke jikin injin, a bi nauyin da aka rubuta, ba idon mutum ba.

Amma ga yawancin masu kiwo, matsalar ba cikawa ba ce, rashin cikawa ce. A yi lissafi. Bijimi mai kilo 400 yana cin busasshen abinci kamar kashi 2.3 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 9 da ɗoriya. In abincin kashi 75 cikin 100 ne busasshe, sauran ruwa, to kilo 12 ke nan a rana, kilo 6 da safe, 6 da yamma. Shanu 100 za su ci kilo 600 a zubi ɗaya. Kilo 600 na abinci mai hatsi bai fi kubik mita ɗaya da ɗan kai ba. A cikin baho mai kubik mita 10, wannan ko rabin sukurun ba zai rufe ba. Abin da zai faru shi ne hatsi ya hau kan murɗin sukuru ya zauna yana ta zagaye da shi, ba ya tashi sama balle ya zubo, haɗin sinadaran da ka zuba kuma ya maƙale a saman sukurun, bai taɓa sauran abincin ba. Wannan inji yana fara haɗawa da kyau ne idan abinci ya rufe yawancin sukurun. Don ka samu kamar tan biyu a zubi ɗaya, kana buƙatar shanu sama da 300 da ke cin abinci iri ɗaya sau biyu a rana, ko rabin haka in sau ɗaya kake haɗawa. Kuma ka tuna garken da ke mataki na biyu da wanda ke mataki na ƙarshe ba abinci ɗaya suke ci ba, don haka yawan shanunka gaba ɗaya ba shi ne lissafin ba, yawan waɗanda ke kan haɗi ɗaya ne. Masu sayar da inji sukan ba da shawarar a ɗauki babba saboda garke zai ƙaru nan gaba. A kiwon ƙiba wannan shawara tana da haɗari, gara ƙarami da za a cika sau biyu.

Ko da an cika shi yadda ya kamata, busasshen abinci mai hatsi kashi 85 zuwa 90 cikin 100 yana wahalar da shi. Babu isasshiyar ciyawar da za ta riƙe ƙananan abubuwa, don haka garin dutsen kalsiyam da gishiri da yuriya, da yake sun fi nauyi kuma sun fi laushi, suna zarcewa gindin baho. Injin da ke da sukurori a kwance, ko mai faifan juyi, ya fi shi iya wannan aiki, shi ya sa manyan wuraren kiwon ƙiba da ke sarrafa ciyawarsu tun kafin haɗi suka fi karkata gare su. Mai sukuru a tsaye yana iya kusantar su idan an ba abincin danshi: molasis kashi 3 zuwa 5 cikin 100, ko sailej a matsayin ciyawar, ko ruwa kaɗan. Danshin yana manna gari a jikin hatsi da ciyawa. Sai dai abincin da aka jiƙa yana ɗaukar zafi da sauri a lokacin zafi, don haka a haɗa a zuba nan take, kada a bar shi ya kwana a baho.

Me ya sa nake nanata ƙananan abubuwan nan? Saboda su ne masu kisa. Yuriya ba a so ta wuce kashi 1 cikin 100 na busasshen abinci, kuma dabbar da ta ci karo da dunƙulenta tana iya faɗuwa cikin sa'a guda. Monensin, wanda ake sawa don inganta amfanin abinci da rage kumburin ciki, ana ba da shi ne wajen miligiram 33 a kowane kilo na busasshen abinci. A haɗin tan biyu mai busasshen nauyi kilo 1,500, wannan giram 50 ne kacal na ainihin maganin. Babu injin da zai raba giram 50 daidai cikin tan biyu in an watsa shi haka nan. Dole ya zo a cikin haɗin da aka riga aka gauraya, kuma duk abin da bai kai kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na zubin ba a fara cakuɗa shi da buhun dusa ko niƙaƙƙen hatsi kafin ya shiga baho. A kuma binciki dokar ƙasa, domin ba ko'ina aka yarda da shi ba: Tarayyar Turai ta hana amfani da shi don ƙara girman dabba tun 2006. Wani abu kuma, monensin guba ne ga dawakai ko da ɗan kaɗan ne, kuma wannan inji ba ya zubar da komai tas. Kullum akwai saura a kan sukuru da gindin baho. Kada a taɓa haɗa abincin doki a injin da ya haɗa abinci mai monensin.

Sikelin da ke jikinsa yana da amfani sosai, shi ne ma rabin darajar injin, amma a san iyakarsa. Yawancinsu suna tsalle ne kilo 2 ko 5, wasu 10. Wannan ba komai ba ne ga masara kilo 1,400. Ga haɗin sinadarai kilo 20 kuwa, kuskuren kilo 5 kwata ne na abin da ake so. Ƙananan kaya a auna su a ƙaramin sikeli daban. Shi kansa babban sikelin a riƙa gwada shi: a ɗora buhunan da aka san nauyinsu a kan kowace na'urar awo bi da bi, in ɗaya ta ba da lamba daban da sauran, ta lalace ko wayarta ta ji rauni. Ɓeraye suna cin wayoyin nan, domin suna kusa da abinci. In za a yi walda a jikin injin, a cire haɗin na'urorin tukuna, wutar walda tana ƙona su.

Akwai kuskuren da sikeli ba zai taɓa nuna maka ba, shi ne ruwan da ke cikin sailej. In takardarka ta ce kilo 1,000 na sailej mai busasshen nauyi kashi 35 cikin 100, abin da kake nufi shi ne kilo 350 na ciyawa. In ruwan sama ya sauka a bakin ramin, ko aka iso wani sashe mai danshi, ya koma kashi 28, kilo 1,000 ɗin nan ciyawa kilo 280 kawai ke ciki. Kashi ɗaya cikin biyar na ciyawar ya tafi, hatsi yana nan yadda yake, allo kuma yana nuna maka komai daidai. Sai ka zuba kilo 1,250 kafin ka dawo inda kake. A abincin ƙarshe, inda ciyawar dama ƙalilan ce, wannan ya isa ya jefa garke cikin tsamin tumbi. A auna danshin sailej aƙalla sau ɗaya a mako da kuma bayan kowane ruwan sama: a auna giram 100, a busar da shi a hankali har nauyinsa ya daina raguwa, abin da ya rage shi ne kason busasshen.

Injin ba ya niƙa hatsi, kada a yi tsammanin haka. Masarar da ta shiga ɗai-ɗai haka za ta fito. Fasa ta aikin wani inji ne, kuma a fasa ta gida biyu zuwa huɗu, kada ta zama gari, domin gari ya fi saurin tsami a tumbi, kuma shi ne ke taruwa a gindin komi, dabba ta lashe shi a ƙarshe.

Hanyar sanin ko injinka yana haɗawa da gaske ita ce a ɗebi samfur guda 10 a tsawon komi, daga inda aka fara zubawa zuwa inda aka gama, kafin shanu su sa baki. A tace su da rariyar Penn State, wato rariyar gwajin abinci mai hawa-hawa, masu ramukan milimita 19, da 8, da 4, da faranti a ƙasa, a kwatanta. In samfurin farko ya fi gari, na ƙarshe ya fi ciyawa, ko akasin haka, haɗin bai yi ba. In akwai ɗakin gwaji, a sa su auna gishiri ko wani sinadari a kowane samfur. Bambancin da ke ƙasa da kashi 10 cikin 100 shi ake nema. Mafi yawan lokuta in gwajin ya faɗi, abin da ya jawo ɗaya ne cikin uku: an cika baho ya wuce kima ko bai kai ba, ba a ba shi mintocinsa ba bayan zubi na ƙarshe, ko kuma ƙarfe ya cinye.

Cinyewar ƙarfen ta cancanci a tsaya a kanta, domin a hankali take zuwa ba a gani. Wuƙaƙe kowa yana lura da su, da sun dakushe ciyawa takan ƙi yankuwa, tarakta ta ƙara shan mai. Wanda ake mantawa da shi shi ne ɗan farantin da ke bakin sukuru daga ƙasa, wanda ke share gindin baho yana tura abincin da ke jikin bango zuwa tsakiya. In ya cinye, sai a ga zoben abinci kwance a kewayen gindin baho bayan an gama zubawa, kuma wannan zoben galibi hatsi ne da sinadarai da ba su shiga haɗin ba. Duk wanda zai sayi na hannu, ya fara leƙa nan, da kaurin murɗin sukurun, da gindin bahon, domin tsamin sailej da molasis suna cin ƙarfe. Sauran kulawar ba ta da wuya: a duba man giya a tankinsa kullum, a sa giris a sandar PTO, wato sandar da ke kawo juyi daga tarakta, kuma in kusar kariya ta karye a mayar da irinta daidai. An yi ta ne don ta karye kafin giya ta karye. Wanda ya sa mai ƙarfi fiye da ita ya mayar da asarar kusa ɗaya asarar akwatin giya. Tana yawan karyewa ne idan an tsayar da injin cike, aka yi tafiya abincin ya zauna ya danne, sannan aka tayar da shi da ƙarfi. Mai akwatin giya mai gudu biyu ya fi sauƙi a nan: a tashi da ƙaramin gudu, a koma babba a ƙarshen zubi don sukuru ya watsar da abin da ya maƙale masa. Mai kubik mita 10 yana son tarakta mai ƙarfin doki 60 zuwa 80, kuma abinci mai hatsi yana tura buƙatar zuwa sama.

Mayen ƙarfe a bakin ƙofar zubi bai kamata ya zama na zaɓi ba. Injin da ke yanka dami sukutum yana yanka har da wayar da ta shiga cikinsa, ya mayar da ita gutsattsari masu tsini daidai haɗiya, su huda ciki su doshi zuciya. A saya da shi, a riƙa share shi kullum. Haka nan a gwada tsayin ƙofar ko bel ɗin zubi da tsayin kominka kafin a biya, don da yawa sukan kawo inji gida su tarar yana zubawa a ƙasa. Kuma babu wanda zai shiga cikin bahon nan, ko ya hau bakinsa yana tura ciyawa da ƙafa, sai an kashe tarakta an zare makulli. Sukurun ba ya jin nauyin mutum.

Ga wanda ya dogara da busasshen dami da sailej, yake karɓar sababbin shanu a kai a kai, kuma yake da garken da zai cika baho a kowane haɗi, ina ba da shawarar wannan inji ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya sa danshi a abincin ƙarshe, ya kuma gwada haɗinsa da rariya duk bayan 'yan watanni. Wanda ciyawarsa ke zuwa a sare, abincinsa kuma busasshe ne mai yawan hatsi, mai sukurori a kwance ya fi masa. Mai shanu ƙasa da 100 a kan haɗi ɗaya kuwa, ya nemi ƙaramin inji na girke mai kubik mita 2 zuwa 3 da ke aiki da lantarki, ya haɗa da sikelin ƙasa mai kyau.